Tsohuwar da Ta Rushe Katangar Ranka-ya-daɗe

Ranar Talatar da ta wuce na dawo gida ina tura babur ɗina da hannu, bayan na wuni a layin mai. Da layi ya zo kaina sai mai zuba man ya rataye bututunsa, ya dube ni da fara'a ya ce ya ƙare, amma in dawo gobe da wuri. Na yi masa godiya, domin mu an horar da mu mu gode ko ba a ba mu komai ba. Ina kaiwa wajen Sabon Gari hadari ya haɗo, kafin in karya kwanar lungunmu ruwa ya tsuge. Wanda bai san lungunmu ba zai ce ai sai in yi sauri in faɗa gida. Ba a sauri a lungunmu in ana ruwa. Naɗe wando ake yi har gwiwa, a cire takalmi a riƙe, a dinga laluben ƙasa da yatsun ƙafa. Ina cikin wannan lalube, ga babur a hannu, takalmina ɗaya ya suɓuce. Na tsaya ina kallonsa yana tafiyarsa hankali kwance, ya nufi bayan ɗakin Inna Yelwa, inda duk ruwan unguwa yake taruwa yanzu.

Na shiga gida na tarar da matata Hanatu a rumfa, tare da ita Inna Yelwa ɗin, wadda ta kawo mata aron rariya ruwa ya tare ta.

Hanatu ta ce, "Malam, ina man?"

Na ce, "Ya ƙare."

"Ina ɗayan takalmin?"

"Shi ma ya tahi."

Ta ce, "To sannu da ƙoƙari." Ban san inda matan yanzu suke koyon irin wannan sannun ba.

Zan dawo kan wannan Talata. Amma sai na fara gaya muku yadda aka yi lungunmu ya zama gulbi, domin da ba haka yake ba. Da akwai lambatu da ya bi ta bayan gidajenmu ya fita babban titi. Ba wani lambatun a zo a gani ba ne, amma yana aikinsa, abin da ba zan iya faɗa a kan manyan garin nan da yawa ba. Sai Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da wani bawan Allah da ba zan faɗi sunansa ba, saboda ladabi, da kuma ɗan tsoro. Mu dai Ranka-ya-daɗe muke ce masa. Shi ne Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Kwamitoci. Kada ku wahalar da kanku neman ofishin, ni ma ban taɓa ganinsa ba, motocinsa kawai nake gani. Bara motocin suka yi wa tsakar gidansa yawa, sai ya turo katangarsa ta baya waje, ta hau kan lambatunmu, aka cike ramin da siminti. Ruwa kuma da ya zo ya tarar an rufe masa hanya, bai tsaya tambayar muƙamin mai gidan ba, ya juya ya nemi wanda ya fi kowa rauni a lungun.

Inna Yelwa ce ta fi kowa rauni. Daga Bungudu aka kawo ta amarya tun kafin a haifi yawancinmu, kuma ɗakin ƙasar da take ciki marigayi mijinta Malam Tukur ne ya gina shi da hannunsa. A ƙofar ɗakin take dama koko ta soya ƙosai kowace safiya, rabin magidantan lungun nan da kokonta suka yi wayo. 'Ya'yanta maza suna noma a Bungudu, sun daɗe suna lallashinta ta koma can. Ta ce musu muddin ɗakin Tukur na tsaye ba inda za ta. Su kuma suka ce to, ranar da ya faɗi za su zo da mota. Kun ga kenan duk ruwan da ya kwanta a gindin bangon nan, ba ƙasa kaɗai yake ci ba, zaman Inna a cikinmu yake ci.

Kada ku ce ba mu yi komai ba. Mun yi. Mun sa manyan riguna mun je ofishin da ya kamata, aka ba mu benci, aka ce za a duba lamarin. Kuma an duba, in faɗi gaskiya. Wata rana wasu mutane suka zo da gwangwanin jan fenti suka zabga wa katangar Ranka-ya-daɗe ƙaton gicciye. Muka yi ta murna, Hanatu har da guɗa. Kashegari aka ga motar masu fentin ta fito daga gidan da rago a baya yana leƙen gari. To a nan ne wanda bai sani ba ya sani. Jan fenti a garin nan ba ya nufin a rushe, gayyata ce, ana nufin a zo a gaisa. In kuma ka ga an shafa maka shi, abin da masu hankali suke yi shi ne su ƙara magina su gama aikin da sauri, domin ba a taɓa ginin da aka riga aka gama. Cikin 'yan kwanaki aka yi wa katangar shafe, aka bi ta da farin fenti, gicciyen ya shige ciki ya kwanta.

Wanda ya gina katangar Mannir ne, wani magini ɗan Bilbis ta ƙasar Tsafe. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in ka ce su gina maka ɗaki a tsakiyar titi, abin da za su tambaya kawai shi ne ina ƙofa za ta kalla. Ga shi da daɗin hira, ga cika baki. Da rani ya yi sai muka neme shi muka rasa. Ashe Ranka-ya-daɗe ne ya jagoranci wata tawaga zuwa wata ƙasar Turai mai sanyi, ziyarar ƙaro ilimi kan yadda ake tsara birane, kuma an sa Mannir a cikin tawagar a matsayin Mashawarci na Musamman kan Harkokin Bulo. Gaskiyar maganar ita ce Ranka-ya-daɗe gida ya saya a can, yana son a ɗan gyara masa shi yadda ɗan Adam zai iya zama.

Mannir ya riga maigidansa dawowa. Na same shi a teburin mai shayi da wata hular sanyi har kunne, ana zafin da ƙadangare ma inuwa yake nema. Abin da zan ba ku yanzu daga bakinsa na ji. Ni ban je ba, ko filin jirgi ban taɓa wuce ƙofarsa ba, don haka in da ƙari a ciki, ku nemi Mannir.

Ya ce, "Malam Adamu, gidan da Ranka-ya-daɗe yas saya, in kag gane shi sai ka yi mai kuka. Babu katanga! Wasu 'yan itace anka shuka iya gwiwa, wai shinge. Kana zaune falo kana shan shayi, mai wucewa bisa hanya na ganin ko sukari nawa kas sa."

Na ce, "Zaure fa?"

"Wane zaure? Ƙohwa guda ta, kana buɗe ta ka hwaɗa cikin iyali."

A nan kam na tausaya wa Ranka-ya-daɗe, ba da wasa ba. Mutumin ƙasarmu ba ya iya barci a gidan da ba katanga. Hajiyarsa ba za ta iya fitowa tsakar gida ta sha iska ba. Babban mutum kuma in ba shi da zaure, a ina masu neman alfarma za su zauna tun hantsi har la'asar kafin a fito a ce musu yana hutawa? Don haka ya ba da umarni a tayar da katanga mai tsawon mutum da hannunsa a miƙe, a kuma fitar da zaure a gaba.

Akwai wani mutumin Gusau da ya daɗe a can yana tuƙin tasi, Anas, shi ne yake yi musu tafinta. Da ya ji shirin sai ya dafe kai. Ya ce wa Ranka-ya-daɗe a nan ba a haka. Katangar da ke kallon titi ba ta wuce ƙugu sai da izini. Wadda za ta haɗa ka da maƙwabci sai an sanar da shi tukuna. Gidan tsoho ne, ko taga ba a canza mata fasali sai an tambaya. Bishiyar da ke ƙofar gida ma tana da masu kare mata haƙƙi. Wayar lantarki da bututun gas kuwa, in ba mai takardar shaidar aikin ba, ba mai taɓa su.

Mannir ya ce, "Nic ce mai, to mi mutum ka iya yi da hannunai cikin gidan da yas saya? Yac ce in yi fenti cikin ɗaki, in rataya hoto. Malam Adamu, tun daga Bilbis anka ɗauko ni cikin jirgi in zo in rataya hoto?"

Ranka-ya-daɗe dai ya saurari Anas har ya gama, sannan ya yi murmushin manya ya ce, "Anas, ka daɗe a waje, ka manta yadda duniya take. Gidan nan aro aka ba ni ko saye na yi? Su ma masu dokar ai mutane ne, suna da iyali." Aka kawo bulo da siminti, Mannir ya ja igiya, aiki ya kankama.

Katanga ta kai ƙirji sai maƙwabciyarsu ta fito. Wata tsohuwar Baturiya ce, in ji Mannir, ƙanƙanuwa, tana dogara sanda, ba ta da kowa a gidan sai kyanwa. Ta gaishe su da ladabi, ta ce wa Anas ya gaya wa mai gidan katangar za ta tare hasken tagar da take girki, kuma ta hau kan wata 'yar magudanar ruwa da gidajen biyu suke amfani da ita tare. Da Mannir ya zo nan sai na ajiye kofin shayina, domin na san wannan labarin, a lungunmu aka fara shi. Ranka-ya-daɗe ya ce a gaya mata za a duba lamarin. Ta ce ta gode, ta koma ciki. Ta tagar da ake shirin toshewa Mannir ya hango ta ta ɗauki waya.

"Waya guda hwa, Malam Adamu. Ba ta tara dattawa ba, ba ta sa babbar riga ba, ba ta zauna benci ba. Tana gamawa tac ci gaba da ba kyanwatta abinci."

Ba a daɗe ba wata mata ta zo a kan keke, da hular kwano, ita kaɗai. Ba jiniya, ba 'yan rakiya, ba mai riƙe mata jaka. Ranka-ya-daɗe ya ɗauka 'yar aike ce, ya ce a tambaye ta ina maigidanta. Anas ya raɗa masa cewa ita ce maigidan, jami'ar kula da gine-gine ce. Ta auna katanga, ta ɗauki hoto, ta miƙa takarda cewa a dakatar da aiki, ta hau kekenta ta tafi.

Yanzu ku sa kanku a matsayin Ranka-ya-daɗe. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar jan fenti yana sallamar masu shi da rago, me zai fahimta da wannan takarda? Ya duba ta gaba da baya, ya ce mutanen nan suna da wayewa, maimakon su ɓata maka bango sai su ba ka gayyatar a rubuce. Ya sa aka haɗa ƙunshin kilishin da aka taho da shi daga gida, da turare mai kyau, da turmin atamfa, aka kai ofishin matar, wai a gaishe da yara. Anas ya rantse ba zai kai ba, sai wani daga cikin tawagar ƙaro ilimi ya kai. Kayan suka dawo yadda suka tafi, ko ƙullin ba a kwance ba, tare da wata takardar da ta fi ta farko kaushin harshe.

Ranka-ya-daɗe ya ce to, sun ƙi gaisuwa, saura mataki na biyu, a gama aikin kafin su dawo ofis ranar Litinin. Ya sa aka kira gayya. Duk wani ɗan Zamfara da ke birnin aka buga masa waya, cewa ranar Asabar akwai aikin gayya a gidan Ranka-ya-daɗe, kuma akwai tuwo. Ku kuwa kun san mutumin da ya yi shekaru yana cin burodi mai sanyi in ya ji an ce tuwon shinkafa da miyar kuka. Ɗalibai suka zo, masu tasi suka zo, har wani likita ya zo ya cire agogonsa ya kama kwaɓa siminti. Mannir ya ce tun da yake bai taɓa samun lebura masu digiri irin na ranar ba, ko bulo suka miƙo masa sai sun ce ya yi haƙuri. Ya ɗauko waƙar aiki irin ta gonakin Tsafe, suna amsawa. Maƙwabta suka yi ta ɗaga labule suna leƙe, Ranka-ya-daɗe yana ɗaga musu hannu. Kafin rana ta faɗi katanga ta tashi, zaure ya kai linta saura rufi, tagar tsohuwa ta shiga duhu.

Ranar Litinin mai keke ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a rushe duka, a mayar da wurin yadda yake, har 'yan itacen nan iya gwiwa a sake shuka su, a buɗe magudanar ruwa, kuma ga wa'adi, in ya wuce sai kotu. Ranka-ya-daɗe ya sa a gaya mata ko shi wane ne a ƙasarsu. Ta saurara da kyau, ta ce abin sha'awa ne, ta tambayi yadda ake rubuta sunan kwamitin, sannan ta sake nuna masa ranar wa'adin. Daga nan ta juya kan Mannir ta nemi ganin takardar da ya shigo ƙasar da ita. Ta ce wannan ta baƙo mai ba da shawara ce, ba ta ba shi damar yin aikin gini ba, in ya ƙara taɓa cokalin gini zai ga jirgi da wuri.

Aka nemi kamfanin da zai rushe, kowanne ya ce layi ne, sai bayan wa'adi ya wuce za su samu sarari. Aka sake kiran gayya, wayar kowa ta ƙi shiga, domin labarin mai keke ya zaga. 'Yan tawagar ƙaro ilimi kuwa tuni suka tuna suna da taro a gida. Anas ya bincika ya dawo da albishir guda, cewa ba a hana mai gida ya sauke katangarsa da hannunsa ba.

Mannir ya ture hular sanyinsa baya, idonsa har da hawaye don dariya. "Wallahi Malam Adamu, da idona nig gani. Ranka-ya-daɗe da babbar riga, da rigar sanyi bisa, da guduma. Ni ko ina zaune bisa kujera na ɗora ƙahwa guda kan guda, ina ce mai, Ranka ya daɗe ta sama aka hwarawa, in kad doki gindi ta hwaɗo maka. Tunda munka zo, ranan na niy yi aikin da anka rubuta min, na ba da shawara." Ya ce hannun Ranka-ya-daɗe duk ya yi kanta, ga ɓaraguzan ma ba a zubarwa a titi, sai an ware an kai inda aka tanada. Da haske ya koma tagar tsohuwa sai ta fito da shayi da biskit a faranti ta kawo wa Ranka-ya-daɗe, ta ce yana ƙoƙari.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma a hanyar gida sai na kama wani abu da bai kamata mai shekaruna ya kama ba, wato sa rai. Na ce mutumin da ya buɗe magudanar ruwa da hannunsa saboda wata tsohuwa a can, in ya dawo ya ga tamu tsohuwar, ai zai ji wani abu. Na je na ba Inna Yelwa labarin tana tsame ƙosai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah shi sa," ta ƙara mini ƙosai biyu a kan na kullum.

Ranka-ya-daɗe ya dawo da jiniya ana gab da faɗuwar damina. Kuma jama'a, ya ji wani abu. Ya shiga gidan rediyo ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce ziyarar ƙaro ilimi ta yi albarka, ya ga yadda doka take aiki a ƙasashen da suka ci gaba, inda ko bulo ɗaya ba a ɗorawa sai da izini. Ya ce rashin bin ƙa'ida ne ya hana mu ci gaba, kuma kwamitinsa ya kafa ƙaramin kwamiti da zai tabbatar kowa ya nemi izini kafin ya taɓa gininsa. Na yaba da jawabin ƙwarai, ban taɓa jin an bayyana ciwon hannu da hikima irin haka ba. A makon ne kuma aka ƙara wa katangarsa ta lungunmu tsawo, wataƙila don ya huce takaicin wadda aka raba shi da ita.

To mu koma ranar Talata. Ina tsaye a rumfa da takalmi ɗaya, Hanatu tana yi mini sannun nan tata, sai muka ji wani ƙara mai nauyi daga ƙarshen lungu, kamar an sauke buhunan hatsi daga kan mota. Inna Yelwa ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta ajiye rariyar, ta gyara mayafinta, ta fita cikin ruwan, muka bi ta. Bangon baya na ɗakin ya kwanta gaba ɗaya. Daga waje kana ganin gadonta na ƙarfe, da jeren kwanoninta, da sandar Malam Tukur a rataye inda ya bar ta. Da ba ta kawo aron rariyar nan ba, da a kan gadon take. Ta daɗe tana kallo, ruwa yana dukanta, sannan ta ce, "Tukur ya yi ƙoƙari. Ba don ruwan wani anka turo ma ɗakin ba, da ya kai ni har ƙarshena." Kunya ce ta kama ni, da baƙin ciki, domin muna nan mu duka, magidanta da gemu, muka zuba ido har aka kai ga haka.

Kashegari, ba wanda ya kira su, sai ga masu jan fenti. Tun da nake ban taɓa ganin sun zo wuri da sauri haka ba, ashe sabuwar doka tana da ƙafa. Suka nemi inda za su shafa gicciye a sauran bangon, ƙasar a jiƙe take, fentin ya ƙi zama, ya dinga zirara. Babbansu ya yi wa Inna bayani cikin ladabi cewa ba za ta tayar da bangon ba sai ta kawo zanen injiniya ta nemi izini. Na nuna masa katangar da ke zaune a kan lambatu, na ce, "Ranka ya daɗe, waccan fa?" Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Waccan an gina ta kafin dokar."

Da yamma 'ya'yan Inna suka bugo daga Bungudu, suka ce ranar Asabar za su zo da mota.

To mu ma ai mun ƙaru da ziyarar ƙaro ilimi. Mun koyi cewa in an shafa maka jan fenti, gayya ake kira a gama kafin Litinin. Rago ne dai ba mu da shi. Ranar Asabar da hantsi kowane gida ya fito da bulon da ya daɗe yana ajiya don wani ɗaki da bai samu ginawa ba. Ni ma na fito da nawa, na shagon da nake yi wa Hanatu alkawari tun tana amarya, ita da kanta ta taya ni ɗauka. Mannir ya zo ba wanda ya aika masa, ba hular sanyi, ba cika baki, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ja igiya. 'Ya'yanta suka iso da motar ɗaukar kaya, suka tarar da lungu ya cika da mutane. Babbansu ya tsaya yana kallo, can sai ya tuɓe riga, motar da aka kawo don kwashe kayan Inna ita ta yi ta jigilar yashi. Kafin magariba bango ya tashi, an mayar da kwanon rufi. A ƙarƙashin ɓaraguzai aka tono takalmina, Inna ta wanke shi ta aiko mini.

Sai dai lambatu yana nan a toshe, katanga tana nan fara tas, ga damina ko rabi ba ta yi ba. Mannir da kansa ya ce bulo ma in ya daɗe a cikin ruwa yana gajiya. 'Ya'yan Inna sun koma Bungudu, amma sun ce motar tana nan.

Muna wanke hannu Inna ta kawo mana koko, duk da ba lokacinsa ba ne. Ta tsaya a kan Mannir ta ce, "Kai ɗan nan, tsohuwar nan ta can, kac ce waya guda tab buga katanga tas sauka?"

Ya ce, "Guda ɗai, Inna."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar wayarta mai tocila, ta miƙa masa. "To sa min lambar da tab buga."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ni ma ban yi ba. Na rasa yadda zan gaya mata cewa lamba kam muna da ita, har a jikin motocin kwamiti an rubuta ta da manyan baƙaƙe, abin da tsohuwar can ta fi ta da shi kawai shi ne a can akwai mai ɗauka. Na dai karɓi wayar na sa mata lambar kwamitin, tun da ta roƙa. Jiya da safe na je sayen ƙosai ta ce mini ta buga, wata mata mai daɗin murya ta ce mata lambar ba ta aiki a halin yanzu, ta sake gwadawa an jima. Inna ta ce yarinyar tana da ladabi, ta fi na ofis, domin ita ko benci ba ta sa ta zama ba.